Daga Tudun Wada zuwa Shika: Tarihin Kitsen Hanta da Ciwon Fankiriyas a Zariya

Kwangila, wato mahaɗar da babbar hanyar Kaduna zuwa Kano ta haye ta saman hanyar da ta fito daga cikin Zariya ta nufi Samaru da Funtuwa da Sakkwato, tana zaune ne a tsakanin wurare biyu da tarihin aikin likita a Arewacin Nijeriya ya rataya a kansu. A ɓangare guda akwai Tudun Wada, inda tsohon asibitin gwamnati ya zama asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello tun daga shekarar 1967, a ɗaya ɓangaren kuma akwai Shika, inda asibitin ya koma mazauninsa na dindindin a shekarar 2005. Mafi yawan marasa lafiyar da ake ɗaukowa daga Birni da Tudun Wada da Sabon Gari, da waɗanda motocin haya ke saukewa daga wasu jihohi, ta wannan mahaɗa suke bi kafin su isa gadon asibiti. A cikin shekarun da asibitin ya yi tsakanin waɗannan mazaunai biyu, ma'anar kitse a cikin hantar ɗan Adam ta juya gaba ɗaya, domin abin da likitocin farko suka sani a matsayin tabon yunwa a jikin yara shi ne likitocin yau suke gani a matsayin tabon ƙoshi a jikin manya, kuma wannan juyi yana da nasaba da tsananin wani ciwon ciki da mutane ƙalilan ne suka san sunansa.

Tun kafin zuwan asibiti Hausawa sun san hanta sani na ido da hannu, kuma mahauta ne suka fi kowa saninta. Mahaucin da ya feɗe sa ko rago yakan fara duba hanta kafin ya yanke hukunci a kan lafiyar dabbar: idan ta fito ja-jawur mai duhu, santsi a samanta, bakinta siriri, ya san dabbar lafiyayya ce, idan kuwa ta fito fari-fari mai ratsin rawaya, bakinta ya yi kauri ya dunƙule, wuƙa ta fito daga cikinta da maiƙo, ko kuma ya tsaga ta ya tarar da tsutsotsi masu faɗi a cikin jijiyoyinta, to ya san akwai cuta ko da dabbar ta yi kyan gani a waje. Haka nan yakan cire matsarmama da hankali don kada ta fashe ta ɓata naman da ɗaci. A jikin mutum kuwa, alamar ciwon hanta da aka fi sani ita ce shawara, wato rawayar ido da fitsari, kuma masu magani sun daɗe suna ba da jiƙon saiwar rawaya da sassaƙen itatuwa masu ɗaci irin su maɗaci, yayin da wanzamai ke yin ƙaho ko tsaga a inda ciwo ya tsaya. Malaman da suka karanta littattafan ɗibbu na Larabci, waɗanda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello na cikin masu rubutu a fanninsu a ƙarni na 19, sun gaji ra'ayin Jalinusa da Ibn Sina cewa hanta ce ke sarrafa abinci ya zama jini, kuma lafiya tana tsayuwa ne a kan daidaituwar ruwaye huɗu na jiki. A duk wannan ilimi, na kasuwa da na zaure, fankiriyas ba ta da wani matsayi, domin gaɓa ce mai laushi, mai tsawon kusan tafin hannu, da ke kwance a bayan tumbi kusa da ƙashin baya, inda hannu ba ya taɓa ta kuma ciwonta ba ya fitowa a fata.

Turawa ma sun daɗe ba su fahimci aikinta ba. A shekarar 1642 ne Johann Wirsung ya gano bututun da ke kwashe ruwanta zuwa hanji a birnin Paduwa na Italiya, sai a tsakiyar ƙarni na 19 Claude Bernard na Faransa ya nuna cewa wannan ruwa ne ke narkar da maiƙon abinci. A shekarar 1889 Joseph von Mering da Oskar Minkowski suka cire fankiriyas daga cikin kare suka ga ya kamu da ciwon suga, a wannan shekarar kuma Reginald Fitz na Boston a Amurka ya bayyana kumburinta na farat ɗaya a matsayin cuta mai zaman kanta. Hans Chiari ya yi bayani a 1896 cewa sinadaran narkar da abinci ne ke farkawa tun suna cikin gaɓar su shiga cin naman da ya samar da su, Eugene Opie kuma ya danganta ciwon da tsakuwar matsarmama a 1901. Ke nan a lokacin da Dokta Walter Miller na mishan ɗin CMS ya zauna a birnin Zariya a 1905, da lokacin da layin dogo ya iso garin a 1911, ilimin wannan ciwo jariri ne ko a ƙasashen da suka gano shi, kuma asibitocin farko na yankin, wato na mishan da ya kafu a Wusasa da na gwamnati a Tudun Wada, suna fama da abubuwan da suka fi gaggawa: sanƙarau, da agana, da kuturta, da zazzaɓin cizon sauro, da ciwon barci.

Kitsen hanta na farko da likitocin Afirka ta Yamma suka yi nazari a kansa na yara ne. Dokta Cicely Williams, wadda ta yi aiki a ƙasar da ake kira Gana a yau, ta bayyana a 1933 da 1935 wata cuta ta yaran da aka yaye aka ɗora a kan kunun masara zalla, cutar da duniya ta sani da kwashoko, wadda nau'i ce ta tamowa. Yaron yakan kumbura a ƙafafu da fuska, gashinsa ya yi ja ya yi laushi, fatarsa ta riƙa saɓulewa, idan likita ya danna ƙasan haƙarƙarinsa na dama sai ya ji hanta ta sauko ta yi girma, kuma binciken gawa ya nuna cewa kitse ne ya cika ta. Bayanin da aka fi yarda da shi shi ne hanta tana buƙatar furotin, wato sinadarin gina jiki da ake samu a nama da ƙwai da madara da wake, domin ta ƙera abin da za ta ɗora kitse a kai ta fitar da shi cikin jini, idan furotin ya yi ƙaranci sai kitsen ya maƙale a cikinta. Abin lura shi ne a jikin irin waɗannan yara fankiriyas ma takan shanye ta rage fitar da ruwanta, wanda hakan ke ƙara musu gudawa da rama. Likitocin da suka yi aiki a Tudun Wada da Malumfashi a zamanin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 da farin da ya addabi yankin Sahel a farkon shekarun 1970 sun ga wannan cuta ido da ido, musamman a cikin damina lokacin da rumbu ya yi ƙasa, ko bayan ƙyanda ta ratsa gari.

Akwai kuma wani ciwon fankiriyas da aka danganta da talauci a wancan zamani. P. J. Zuidema ya bayyana shi a Indonesiya a 1959, A. G. Shaper ya gan shi a Yuganda a 1960, likitocin Ibadan kuma suka ba da rahotonsa a shekarun da suka biyo baya: matashi ramamme da ke fama da ciwon ciki tun ƙuruciya, tsakuwa ta cika bututun fankiriyas ɗinsa, daga baya ya kamu da ciwon suga. Wannan ciwo ne mai tafiyar hawainiya na shekaru, ya bambanta da kumburin farat ɗaya da ke kayar da mutum cikin dare guda, wanda a lokacin ake ɗauka cewa bai cika faruwa a tsakanin 'yan Afirka ba. Dalilin wannan ɗauka yana da tushe, domin tsakuwar matsarmama, wadda ita da giya su ne manyan musabbabansa biyu a duniya, ba ta yawaita ga mutanen da abincinsu tuwon dawa ne da miyar kuka kuma suke wuni a gona. Sai dai wajibi ne a haɗa da cewa asibitin da ba shi da na'urar hoton ciki, kuma gwajin jini ba kullum yake samuwa ba, zai iya rubuta ciwon a matsayin gyambon ciki ko taifot ba tare da kowa ya gane ba.

Shekarun 1970 su ne zamanin da sunan Zariya ya fito a mujallun likitanci na duniya. Jami'ar da aka buɗe a ranar 4 ga Oktoba 1962 ta tara ƙwararru a sashenta na likitanci, inda Eldryd Parry ya riƙe kujerar farfesa daga 1969 zuwa 1977, Brian Greenwood da Hilton Whittle suka yi bincike a kan sanƙarau da ƙyanda, Neil Davidson tare da Parry kuma suka nuna alaƙar ciwon zuciyar masu jego da kunun kanwa da kwanciya a kan gadon wuta, binciken da har yau ake kafa hujja da shi wajen nuna yadda al'ada ke shiga cikin cuta. A fannin hanta, Y. M. Fakunle da abokan aikinsa, ciki har da masanin binciken gaɓoɓi G. M. Edington, sun yi rubutu a kan dajin hanta da ƙanƙancewarta a wannan yanki, cutar da ke ɗauke magidanta suna tsakiyar ƙarfinsu, ciki ya cika da ruwa, jiki ya tsotse cikin 'yan watanni. Masu laifi biyu ne suka bayyana. Ta farko ita ce ƙwayar cutar hanta nau'in B, wadda Baruch Blumberg ya gano alamarta a jini a 1965, wadda kuma yara ke ɗauka tun suna ƙanana daga uwa ko daga junansu, ko ta askar da ba a tsabtace ba. Na biyu shi ne dafin afalatoksin, wanda wata fumfuna ke fitarwa a jikin gyaɗa da masarar da ba su bushe sosai ba, wanda aka gano bayan mutuwar talotalo fiye da 100,000 a Ingila a 1960, kuma masanan aikin gona na Samaru suka duƙufa a kansa a shekarun 1960 saboda a lokacin gyaɗa ce ke riƙe da arzikin Arewa. Greenwood da Whittle daga baya sun koma Gambiya, inda aka fara babban gwajin rigakafin nau'in B ga jarirai a 1986, Nijeriya kuma ta shigar da allurar cikin rigakafin yara na yau da kullum a 2004.

Duk wannan aiki an gina shi ne a kan cututtukan rashi da na ƙwayoyin cuta, kuma ya cancanci yabo. Amma a daidai lokacin da ake yin sa, wata hanta mai kitse ta daban tana bayyana a wata nahiya. A 1980 Jurgen Ludwig da abokan aikinsa a asibitin Mayo na Amurka suka ba da rahoton wasu marasa lafiya, mafi yawansu mata masu ƙiba, waɗanda hantarsu ta yi kitse ta kumbura tamkar ta mashaya alhali ba sa shan giya. Daga nan aka fahimci cewa idan kitse ya taru a cikin fiye da kashi 5 cikin 100 na ƙwayoyin hanta, to cuta ce ko da mutum bai ji komai ba, kuma tana tafiya tare da tumbi, da ciwon suga, da hawan jini, da yawan maiƙo a cikin jini. Tushenta shi ne jiki ya daina jin umarnin insulin, wato sinadarin da fankiriyas ke fitarwa don shigar da suga cikin tsoka, sai rarar suga da sitaci su koma kitse a cikin hanta. Ƙididdigar da aka tattara a 2016 ta nuna cewa kusan mutum ɗaya cikin kowane manya huɗu a duniya yana ɗauke da ita, kuma a 2023 ƙungiyoyin likitocin hanta suka sauya mata suna domin a daina auna ta da giya, a danganta ta kai tsaye da rikicewar sarrafa abinci a jiki.

Wannan magana tana da nauyi na musamman a gari irin Zariya, inda mafi yawan jama'a Musulmi ne da ba sa kusantar giya, kuma saboda haka suke ganin hantarsu ta tsira daga irin wannan lalacewa. Rayuwar garin ta sauya tun daga shekarun arzikin man fetur: ma'aikacin jami'a da ɗan kasuwa da direban da ke jiran layi a tasha suna wuni a zaune, babur da Keke Napep sun maye gurbin tafiyar ƙafa da keke, farar shinkafa da taliya da burodi sun ture tuwon dawa da gero daga faranti da yawa, shayi mai suga da madarar gwangwani ya zama karin kumallo, lemon kwalba kuma ya zama abin tarbar baƙo a inda a da ake kawo ruwa da fura. Al'ada kuwa ba ta sauya da irin wannan sauri ba. Har yanzu tumbin magidanci shaida ce ta samu, ana yaba wa amaryar da ta yi ƙiba cewa gidan miji ya karɓe ta, rama kuma tana jawo tambayar ko lafiya. Wannan fahimta ba wauta ba ce, domin ta fito ne daga al'ummar da ta san fari da yunwa, wadda kakanninta suka ga yadda rama ke gabatar mutuwa. Abin baƙin ciki shi ne tamowar yara ba ta gushe daga karkara ba, ga kuma kitsen manya ya shigo birni, har ya zama asibiti ɗaya yana karɓar nau'o'in hanta mai kitse guda biyu a ɗakuna daban-daban.

A yau ana gano kitsen hanta ne yawanci ba da niyya ba. Mutum ya je a yi masa sikanin saboda wani ciwo daban, mai aikin ya shafa masa man sanyi a ciki, ya ɗora kan na'urar a ƙarƙashin haƙarƙarin dama ya ce ya ja numfashi ya riƙe, sai hanta ta fito a allo da haske fiye da ƙodar da ke maƙwabtaka da ita, jijiyoyin cikinta sun dusashe, ƙasanta kuma ya yi duhu saboda sautin na'urar ya kasa ratsa kitsen. Sau da yawa akan rubuta wannan a layi ɗaya a ƙasan takarda, mara lafiya ya naɗe ta ya sa a aljihu, tunda babu abin da ke yi masa ciwo a wajen.

Muhimmancin wannan layi yana bayyana ne ranar da fankiriyas ta kumbura. Ciwon yakan zo kwatsam a saman cibiya, ya ratsa zuwa baya, tare da amai da zufa, kuma mai shi yakan kasa kwanciya rigingine, sai ya zauna ya duƙa gaba ya haɗa gwiwa da ƙirji domin a nan kaɗai yake samun sassauci. Likita yana tabbatar da shi idan biyu daga cikin alamu uku suka haɗu: irin wannan ciwo, da hauhawar sinadarin amiles ko lifes a jini har ninki uku na iyakarsa, da hoton da ke nuna kumburin. Kusan huɗu cikin biyar na masu ciwon suna warkewa cikin mako guda da ƙarin ruwa da maganin raɗaɗi da komawa ga abinci da wuri, amma sauran sukan shiga hali mai wuya. John Ranson ya tsara ma'aunin hasashen tsananinsa a 1974, gyaran da aka yi a 2012 ga matsayar taron Atlanta na 1992 kuma ya tsayar da cewa ciwo mai tsanani shi ne wanda huhu ko ƙoda ko bugun jini suka gaza har fiye da awa 48. Binciken da aka tattara daga ƙasashe daban-daban, musamman Sin da Turai, a ƙarshen shekarun 2010 ya nuna cewa masu kitsen hanta sun fi faɗawa cikin wannan rukuni, sun fi samun ruɓewar naman fankiriyas da gazawar gaɓoɓi, sun fi daɗewa a kwance, kuma sun fi fuskantar mutuwa.

Dalilan suna da sarƙaƙiya, kuma masana suna rarrabe abin da hantar kanta ke jawowa da abin da ƙibar da ke tare da ita ke jawowa. Jinin da ya baro fankiriyas da hanji yana bi ta hanta kafin ya zaga sauran jiki, saboda haka ita ce rariyar da ke tace gubar da kumburin ya saki; hantar da kitse ya cika tana cikin wani ƙaramin kumburi nata tun asali, ƙwayoyin garkuwar da ke zaune a cikinta a harzuƙe suke, kuma maimakon su kwantar da tarzomar sai su ƙara sakin sinadaran kumburi da ke isa huhu da ƙoda. Bayan haka, sinadarin lifes da ya tsiyaye daga fankiriyas yana narkar da kitsen da ke kewaye da hanji ya mai da shi wani nau'in maiƙo mai guba ga ƙwayoyin jiki, kuma gwargwadon yawan kitsen cikin mutum gwargwadon yawan gubar. Sannan mai kitsen hanta ya fi saurin yin tsakuwar matsarmama, ya fi samun hauhawar maiƙon jini, wanda idan ya haura miligiram 1,000 a kowace desilita yana iya tayar da ciwon shi kaɗai. A Arewacin Nijeriya akwai ƙarin masu amosanin jini, wato sikila, waɗanda fashewar jininsu ke haifar musu da tsakuwa tun suna matasa, da kuma ɗimbin manyan da aka haifa kafin 2004 waɗanda ke ɗauke da ƙwayar nau'in B, ta yadda kitsen yakan sauka a kan hantar da ta riga ta jigata.

Kitsen hanta, saɓanin dajin da likitocin Tudun Wada suka yi ta rubutu a kansa ba su da abin yi masa, yana janyewa idan mutum ya rage kashi 7 zuwa 10 cikin 100 na nauyinsa ta hanyar rage suga da sitaci da komawa ga motsa jiki. Abin da ke hana cin wannan moriya shi ne hanyar da mai ciwon ciki ke bi kafin ya ga likita. A unguwannin Zariya, kamar sauran garuruwan Arewa, duk ciwon da ya tsaya a saman cibiya sunansa olsa har sai an tabbatar da akasin haka, kuma matakin farko shi ne kemis, inda ake ba da ruwan maganin olsa da allurar kashe raɗaɗi, na biyu kuma jiƙo ko tsimi daga mai magani. Kwana ɗaya ko biyu na farko, waɗanda a cikinsu ne ƙarin ruwa ke kare ƙoda daga gazawa, sukan ƙare a tsakanin waɗannan matakai da neman kuɗin mota da na gwaji, kuma gadajen kulawa ta musamman da na'urar wankin ƙoda da mai ciwo mai tsanani ke buƙata ba su da yawa ko a manyan asibitocin koyarwa. Iyalan da suka yanke shawarar tafiya Shika a rana ta uku sukan isa ne da mara lafiyar da fitsarinsa ya riga ya ragu kuma numfashinsa ya fara sama-sama.